Zumunta a ƙafa take: gidan da ke kwana bakwai a bakin tabkin Madarunfa

A kudu da Maraɗi, tafiyar kilomita 20 da ƴan kai, akwai tabkin Madarunfa. Duk wanda ya zauna a wannan ƙasa ya san shi, ko kuwa ya ci kifinsa. Ruwan Gulbin Gabi da na Gulbin Maraɗi ne ke cika shi. In damana ta yi kyau, faɗinsa yana kai wajen hekta 800. Da rani sai ya ja baya, ya bar laka. Kewaye da shi akwai kaburburan waliyyai 99. Mutane suna zuwa ziyararsu daga Nijar da Najeriya.

Akwai wani gida da ya mai da bakin tabkin nan wurin haɗuwarsa. Kowace shekara suna kwana bakwai a can, manya da yara. Suna zuwa ne a ƙarshen watan Agusta. A lokacin an gama maimai, hatsi ya fidda kai, girbi bai zo ba. Manomi ya ɗan samu sarari. Ƴan lakwal kuma suna cikin babban hutu, ba za su koma ba sai Oktoba.

Ga yadda abin ya faro. A shekara ta 1984 ruwa ya ƙi. Gonaki suka ƙone. A wannan shekara kuma aka rufe iyakar Najeriya, hatsi ya yi wuyar samu. Shi ya sa mutane suka sa wa yunwar suna El Buhari. Maigidan da ake magana a kansa yana da ƙarfinsa a lokacin. Su huɗu ne maza wurin ubansu. Yunwa ta watsa su. Ɗaya ya tafi Yamai, ɗaya Damagaram, ɗaya Arlit neman aiki. Shi kaɗai ya tsaya a gonar gado, kusa da tabki.

Yunwa ta wuce, amma waɗanda suka tafi ba su komo ba. Kowa ya yi aure inda yake, ya haifi ɗiya. Sai gaisuwa a bakin matafiya. Wata rana samari biyu suka yi faɗa a tashar mota ta Maraɗi saboda wurin zama. Har an ci kwalar riga. Wani dattijo ya raba su, ya tambayi kowa sunan ubansa da garinsu. Ashe kakansu ɗaya. Ɗaya ɗan maigidan ne, ɗaya ɗan ƙanensa na Damagaram.

Da labari ya kai wa maigida, bai iya cin tuwo ba a daren nan. Ya ga jininsa ya zama baƙon juna tun yana da rai. To, in ya mutu fa? Shi dai ya yi karatun yaƙi da jahilci, ya iya rubutu da Hausa. Sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta wasiƙa uku da hannunsa. Bai nemi kowa ya rubuta masa ba, don maganar gida ce. Ya ce kowa ya zo da iyalinsa bayan maimai. Shekarar farko ƙane ɗaya ne ya zo. Shekara ta biyu duka suka zo.

Gidan da ke cikin ƙauye ba ya ɗaukar su. Shi ya sa suka fita gona. Da baya aka gane ashe hakan ya fi. A cikin gida, wanda ya zo daga birni baƙo ne: a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa fura, ya zauna. A gona kuwa babu baƙo. Mushen lakwal yana ɗaukar itace. Direban babbar mota yana jan ruwa a rijiya. Matar da ta saba da gas tana hura murhu.

Ranar tafiya ana ɗora kaya a amalanke biyu: zana, tabarmi, tamfol, tukwane, turmi da taɓarya, gidajen sauro da fitilu. Ana kafa rumfuna a kan tudu, nesa da inda ruwa ke kwanciya. Mata da ƙananan yara gefe guda, maza gefe guda. Akwai gawo da yawa a gonar, amma gawo ba ya ba da inuwa da damana, don a lokacin ne yake zubar da ganye. Saboda haka gindin wata tsohuwar tsamiya ne wurin hira da rana. In hadari ya taso da walƙiya, kowa ya bar gindin itace ya shiga rumfa.

Bayan sallar asuba samari suna bin kawunsu zuwa wurin masunta. Nan suke ganin yadda ake janye koma, suna koyon sunan kifi: wannan karfasa, wannan tarwaɗa, wannan ƙurungu mai ƙaya. Ƴan mata suna bin kakarsu tsinkar tafasa da rama da yaɗiya, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Akwai jikan da ya zo daga Yamai bai san bambancin hatsi da dawa a gona ba. Yara suka yi ta yi masa dariya. Kwana uku sai ga shi yana korar tsuntsaye a kan dakali, ya fi kowa murya. Da marece suna kallon balbela tana komawa makwanci, da shamuwa wadda ke zuwa da damana ta tafi da kaka.

Amma babban aiki da dare ake yin sa. Bayan tatsuniya sai maigida ya zauna ya jera dangi: wane ya haifi wane, wance aka kai ta gari kaza. Wata jikarsa tana rubutawa a littafi. Duk jaririn da aka haifa a shekarar, a sa sunansa. Duk wanda ya rasu, a yi masa addu'a. In akwai masu jin haushin juna, nan ake sasanta su. A nan aka kashe wata rigimar gona da ta kusa kai ƴan uwa gaban alƙali. A nan kuma aka haɗa kuɗin lakwal na marayu biyu.

Ruwa abin sha'awa ne, amma yana da nasa sharri. Gidan nan ya koyi haka da wahala. Wata shekara yara uku suka koma gida suna fitsarin jini. Wasu suka ce alamar balaga ce. Ba haka ba ne. Tsargiya ce. Mai ciwon in ya yi fitsari a tabki, ƙwan tsutsa yana shiga ruwa. Tsutsar tana girma cikin ƙananan dodon-koɗi. Daga nan ta fito, ta huda fatar mai wanka ko mai wanki, ba tare da ya ji ba. In aka ƙyale ta, tana ɓata mafitsara da ƙoda. An kai yaran gidan likita, aka ba su ƙwayar magani, suka warke.

Tun daga nan maigida ya kafa doka uku. Ta farko: babu wanka a tabki. Ana yi da ruwan rijiya. In dole ruwan tabki ne, a dafa shi, ko a ajiye shi kwana biyu a tulu, tsutsar za ta mutu. Ruwan sha kuwa na rijiya ne ko na famfo. Ciwon kurkunu ya ƙare a Nijar, an tabbatar da haka a 2013, amma gudawa tana nan. Ta biyu: kowa ya kwana a gidan sauro, don damana ce lokacin zazzaɓin cizon sauro. Yaran da ba su kai shekara 5 ba, sai an ba su maganin rigakafin da ake rabawa wata-wata da damana. Ta uku: yaro ba ya zuwa bakin ruwa ko shiga kwale-kwale sai da babba.

Maigida yana da wata damuwa, ita ce tabkin kansa. Yakan kai jikokinsa wani wuri da ake shuka yanzu, ya ce nan ya taɓa kama kifi yana yaro. Rairayi yana cike tabki. An sare itatuwa, ruwan sama yana kwaso ƙasa daga tudu yana zubawa ciki. An kuma gina madatsar ruwa a Jibiya, cikin Najeriya, a kan Gulbin Maraɗi, ruwan da ke gangarowa ya ragu. A 2019 an sa tabkin cikin wuraren ruwa na duniya da ake kiyayewa. Amma takarda ba ta tare rairayi. Shi ya sa a gonarsa maigida yake sassaben zamani: ba ya tumɓuke tohon itace, yana gyara shi ya bar shi ya girma. Kowane jika kuma yana dasa itace ɗaya kafin ya tafi. Baɗi in ya zo, abin da yake fara dubawa ke nan.

Shekarun baya kaɗan al'adar ta kusa mutuwa. Kuɗin mota ya hau. Ƙannen maigida biyu sun rasu. Babban ɗansa ya durƙusa gabansa ya ce: "Baba, tafiyar nan ta yi tsada. A bar ta mana. Ga waya, za mu riƙa gaisawa, mu aiko maka da kuɗi." Tsohon ya yi shiru. Can ya ce: "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Amma kuɗin da za ka aiko, sun san fuskar ɗan ƙanenka?"

Sai aka zauna aka yi shawara. Aka buɗe asusu. Manoma suna ba da tiya biyar ta hatsi bayan girbi. Masu albashi da ƴan kasuwa suna ba da kuɗi kowane wata, gwargwadon hali. Uwargida ce ke riƙe da asusun, jikarta tana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Wanda ba shi da kuɗin mota, a biya masa, ba mai goranta masa. Riƙon taron kuma aka damƙa shi ga wannan babban ɗa da ya ce a bari. Yanzu shi ne ke fara kiran mutane tun watan Yuli.

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ba kowa ke da Madarunfa kusa da shi ba. Amma mutanen Tawa suna da Tabalak, na Damagaram suna da Gidimuni. Wanda ba shi da tabki yana da gona, ko gindin kuka, ko mashekarin dabbobi. Cin rani ya watsa gidaje da yawa. Ku duba naku. In ɗiyanku ba su san ɗiyan ƴan uwanku ba, kada ku jira ranar ta'aziyya ta haɗa su. Ku da kuka koyi rubutu, ku rubuta sunayen danginku, ku aika musu, ku sa rana.

Allah ya ba da damana mai albarka, ya ƙara danƙon zumunci. Amin.