Ƙidayar da Na Yi a Wurno

A watan Maris na 2006, ina koyarwa a wata firamare cikin Sakkwato, aka ɗebe mu aikin ƙidaya. Bayan 'yan kwanaki na horo aka miƙa mana jaka, takardun cikewa, alli da tawadar shafawa a yatsa, aka tura ni Wurno tare da wata malama. Ita ke shiga cikin gida wurin matan kulle, ni in tsaya zaure da maza. Abin da na sani game da garin a lokacin bai wuce na ɗan aji shida ba: ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a can ya rasu a 1837, a can hubbarensa yake. Sai kuma tafarnuwa, wadda duk mai cefane a kasuwar Sakkwato ya san daga inda take fitowa.

Dokar aikin ba ta da kwana: wanda ido ya gani shi za a rubuta, a shafa masa tawada a babban yatsa. Ni kuwa sabon hannu ne, na riƙe dokar nan gam. A rana ta biyu muka isa wani gida a bakin gari, mai zauren ƙasa da buhunan gero biyu jingine a lungu. Na gama rubutu zan tashi, sai maigidan, wani dattijo mai farin gemu, ya dafa gwiwata.

"Malam, ɗiya nawa ka rubuta mani?"

"Huɗu, Baba, waɗanda na gani."

"To ukkun da sunka tai Kurmi cin rani, ba ni na haihe su ba?"

Na ce ai can za a ƙidaya su. Ya dube ni kamar na faɗi abin kunya. "Can suna da gida? Rumfar wani suke kwana. Nan gonarsu take, nan matansu suke." Ban rubuta su ba, kuma har yau ban ce na saɓa ƙa'ida ba. Amma na fita zauren nan da sanin cewa adadin da ke jakata na mutanen da suka kwana Wurno ne a makon, ba na mutanen Wurno ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, gida uku gaba na tarar da samari cike da zaure, ba wanda ya je ko'ina. Da yamma na koma wajen dattijon, da niyyar ba shi haƙuri, na tambaye shi dalili. Bai amsa ba, sai ya ja sandarsa ya kai ni inda tudun garin ya ƙare. Ƙasa da mu fadamar Rima ce shimfiɗe, kore shar a tsakiyar bazara, injinan ban-ruwa na ta kuka, ana cire albasa ana tara ta tsibi-tsibi. Ya ce mai fadama ba shi zuwa cin rani, rani shi ke zuwa wurinsa. Shi gonar tudu kaɗai gare shi, gero da dawa da wake, daga an kai amfani gida aikin shekara ya ƙare, shi ya sa 'ya'yansa ke bin motar kudu. Cikin masu cirar albasar nan ma, ya ce, da yawa baƙi ne daga ƙauyukan tudu, kuma gobe ni da kaina zan rubuta su a matsayin mutanen Wurno.

Tsayuwar nan ta koya mini abin da karatun littafi bai koya mini ba. A makaranta tarihi darasi ne daban, labarin ƙasa daban, ƙidaya kuma ta lissafi ce. A bakin tudun nan na ga ashe abu guda ne. Bello bai zaɓi wurin don sha'awa ba. Daga arewa da gabas Gobirawa da Azbinawa ke kawo hari, kuma tudun na kallon kwarin da mahara za su bi. Ribaɗi kuwa ba ya tsayuwa da masu da garkuwa kaɗai, sai da abinci, fadama ce ta ciyar da masu tsaron. Shekara guda kafin rasuwarsa, a 1836, ya karya Gobirawa da abokan ƙawancensu a Gawakuke. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno ya fi zama, shi ya sa matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda ya yi wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka garin a 1853. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 mulki ya tattara can, Wurno ta koma garin hakimi, Sarkin Sudan. Yaƙi ya wuce, fada ta tashi, fadamar ce ta riƙe mutane. Ina jin ba don ita ba, da yau garin kufai ne mai hubbare, irin su Alkalawa.

Sunan garin ma ya yi tafiyar da ta fi ta 'ya'yan dattijo nisa. A Sudan, bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, akwai gari da ake kira Mai Wurno, da sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda ya tsira daga yaƙin Burmi a 1903 ya ci gaba da hijira gabas.

Wurin tambayar shekaru na ƙara shan wani darasin. Ka ce wa tsohuwa shekarunta nawa, sai ta ce Allah Ya sani. Amma tambaye ta ina take ranar da aka kashe Sardauna, nan take za ta ce tana goyon ɗanta na biyu, ka ga 1966 ke nan, sauran lissafi naka ne. Wani ya ce an yi masa kaciya shekarar canjin kuɗi, wato 1973 da naira ta shigo. Wata an ɗaura mata aure damanar da ta biyo bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar, wanda ya rasu a 1988. Abokiyar aikina kuma ta gano cewa in uwa ta lissafa 'ya'yanta sai a sake tambaya, don ɗan fari ba ya fitowa bakinta saboda alkunya, sai kishiya ko maƙwabciya ta faɗi sunansa. Na tabbata a ranar farko mun bar 'yan fari da dama a baya, ba don an ɓoye mana su ba, don ba mu iya tambaya ba.

Aka ƙara mana kwana biyu, muka gama ranar 27 ga wata, muka miƙa takardu. Daga baya aka ce mutanen Nijeriya sun kai miliyan 140. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 ma ɗage ta aka yi.

Na koma Wurno a watan Yuli na shekarar, ɗaurin auren wani abokin aiki. Na biya ta gidan dattijon in gaishe shi. Lambar da na rubuta da alli tana nan a ƙyauren zaure, feshin ruwa ya cinye rabinta. A ciki samari uku ne zaune da laka a ƙafa, sun dawo daga noman farko, suna shan fura a ƙwarya ɗaya. Dattijon ya nuna su da baki, ya ce, "Malam, ka zo da tawadar?"