Yini guda a bakin tabkin Madarumfa

Mutumin Maraɗi da ya gaji da ƙurar kasuwa da ƙarar kabu-kabu ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya ga ruwa shimfiɗe iya ganin ido. Kimanin kilomita 25 kudu da birni, kusa da iyakar Nijeriya, tabkin Madarumfa yake, wanda idan ya cika bayan damina faɗinsa kan kai hekta 800. Amma kusancin nan shi ke yaudarar mutane da yawa, su tashi babu shiri da rana tsaka, su komo gida da ciwon kai da yara masu kuka, suna cewa babu abin gani. Laifin ba na tabkin ba ne. Da ma an ce, da sanyin safiya ake kamun fara.

Shirin farko shi ne zaɓen lokaci. A watannin Afirilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ruwan ya ja da baya, ya bar taɓo mai tsagewa tsakanin inuwa da gaɓa. Da damina kuwa hanyoyin fadama sukan lalace, sauro ya yi yawa. Tsakanin Nuwamba da Fabarairu ne tabkin ke cikin kyansa: ruwa na nan, gumi ya tafi, tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai sun sauka suna kiwo tare da balbela da zalɓe. Sai dai hunturu yana da nasa hali, domin iska kan tashi da hantsi ta kaɗa ruwa, saboda haka mai son shiga jirgi ya yi sammako, kuma ya riƙo wa yara rigunan sanyi.

Kafin ranar tafiya, magidanci mai hankali yakan nemi labarin hanya wurin direbobin tasha ko wani ɗan'uwa mazaunin garin. Wannan ba tsoro ba ne. Tun wajen shekarar 2017 ƙauyukan bakin iyaka na wannan yanki suka sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane, don haka ba a kutsawa daji, ba a kuma bari dare ya riski iyali a hanya. Kowane babba ya sa katinsa na ɗan ƙasa a aljihu saboda shingen jandarmomi, a kuma tanadi canji, domin mai kifi a bakin ruwa ba ya da canjin jika goma.

Kayan tafiya ba su da yawa, amma kowanne da aikinsa. Tabarma biyu, ɗaya ta maza ɗaya ta mata da yara, jarkar ruwan sha daga gida, buta, gawayi da kayan shayi, fura a cikin kula, dambun zogale, wanda ba ya saurin lalacewa, gishiri da yaji da ɗan man gyaɗa. Nama ba dole ba ne, tun da tabkin zai ba da abin miya. A haɗa da buhu guda wanda za a kwaso shara a ciki, domin ledar da aka yar a gaɓa ƙarshenta cikin tumbin akuya ne ko cikin komar masunci.

Wanda ya iso da ƙarfe bakwai ko takwas zai tarar da masunta suna fitowa da abin da dare ya ba su: tarwaɗa, gargaza, wani lokaci har da gaiwa, kifin nan da ke binne kansa cikin taɓo ya jira damina idan ruwa ya ƙafe. A nan ne baƙo ya kamata ya tuna cewa wurin da ya zo shaƙatawa gonar wasu ce. Sallama ta riga ciniki. Idan ana son zagayawa cikin jirgi, a yi magana da dattijon masunta, a daidaita kuɗi tun a tudu, kuma idan mai jirgi ya ce mutum huɗu, kada a matsa masa ya ɗauki na biyar.

Da rana ta ɗaga, sai a nemi inuwa. Kukoki manya ne suka yi wa gaɓar ado, amma da rani ganyensu ya zube, don haka gara a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tsamiya ko gawo, wanda shi sai da rani yake fitar da ganye. Nan za a gasa kifi, a ɗora shayi, a bar hira ta ja. Abu ɗaya ne uwa ba za ta yi sakaci da shi ba: wankan yara. Ruwan da ke kwance a ƙasar nan yakan ɗauki ƙwayar tsagiya, wadda ke rayuwa cikin ƙananan dodon koɗi, ta ratsa fatar mai wanka, bayan makonni a ga jini a fitsarin yaro. Wasa a kan rairayi ya wadatar, alwala kuma a yi ta da ruwan jarka.

Bayan azahar, idan jiki ya huta, akwai ziyarar da ta bambanta Madarumfa da sauran tabkuna. Mutanen wurin sun gāji labarin waliyyai 99 da kaburburansu ke kewaye da tabkin, kuma masu ziyara kan zo daga Nijar da Nijeriya su yi addu'a. A shekarar 2006 Nijar ta sa tabkin da gandun dajinsa da waɗannan kaburbura cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gādon duniya, a 2019 kuma aka shigar da shi cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu. Ko mene ne ra'ayin baƙo game da ziyarar kabari, ladabi bashi ne a kansa: ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, ya kashe rediyo, ya rage murya.

Mai lura zai ga wani abu kuma. Tabkin yana rayuwa ne da abin da Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi suka kawo masa daga ƙetaren iyaka, kuma tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina a farkon shekarun 1990, ruwan Gulbin Maraɗi ya ragu. Ga rairayin da ruwan sama ke kwasowa daga gonakin da aka sare itatuwansu, yana cike gindin tabkin a hankali. Saboda haka baƙon da ya zo da gawayinsa bai karya reshe ba, ya kuma tafi da shararsa, ya biya wani abu daga cikin haƙƙin wurin.

Da an yi sallar la'asar sai a naɗe tabarma. Ba a jiran faɗuwar rana, duk da kyanta a kan ruwa, domin sauro da duhun hanya suna tafe tare da ita. Iyalin da suka bi wannan tsari za su ji kiran magariba a ƙofar gidansu a Maraɗi, da ragowar kifi na maƙwabta a cikin kula. Allah ya kai kowa lafiya, ya kuma bar wa Madarumfa ruwanta.