Unguwar Sarki a Idon 'Yan Kwana-kwana

Wanda ya taso daga shataletalen Lugard Hall a Kaduna ya miƙe titin Ali Akilu zuwa Kawo, ba sai an gaya masa ya iso Unguwar Sarki ba. Hasumiyoyin Masallacin Sultan Bello, wanda aka gina a 1962, su ne za su tarye shi. Titin yana da faɗi, motar kashe gobara za ta bi shi a guje ba ta taka birki ba. Sai ka saki kwalta ka kutsa ciki za ka ga inda gizo ke saƙar: layi ya tsuke, mai shayi ya kafa tebur, an fito da shago har bakin kwata, ga wayoyin lantarki sun sarƙe a kan turaku.

Da wannan hoton a raina na leƙa wata tashar 'yan kwana-kwana a arewacin Kogin Kaduna. Ba hayaniya. Rabin aikin nan jira ne, amma ba jiran zaman banza ba. Da safe masu kwana suna miƙa aiki ga masu yini, a yi fareti, direba ya tayar da mota ya saurari inji, a gwada jiniya, a duba batir da taya, a tabbata tanki cike yake. Mesar da aka yi aiki da ita sai an wanke, an shanya, an naɗe, domin in aka ajiye ta da danshi ruɓewa take yi, ta fashe ranar da ake bukatarta. Mai tsaron waya yana gefe da littafinsa, yana rubuta lokacin da kira ya shigo da lokacin da mota ta fita. Ba wuta kaɗai ake kiransu ba. Yaro ya faɗa rijiya, ko mota ta danne mutum, su ake nema.

Aikin ya daɗe a ƙasar nan. A Legas ya fara a 1901, a ƙarƙashin 'yan sanda, kafin dokar 1963 ta kafa hukumar tarayya. Kaduna tana da tata ta jiha.

Zargin da aka fi yi musu kowa ya san shi: wai sukan zo ba ruwa. A ganina akwai rashin adalci a nan. Lita dubu kaɗan mota ke ɗauka, mesa kuwa tana feso ɗaruruwa a minti guda, don haka kafin a yi nisa tanki ya ƙafe. A biranen da aka tsara, famfon gobara yana bakin titi, jona mesa kawai za a yi. A lungunanmu sai mota ta juya neman ruwa, wuta kuma ba ta jiran kowa.

Shi ya sa rundunar farko a unguwa irin wannan ba ta da kaki. Da an yi kururuwar "Gobara!", 'yan ga-ruwa ne ke turo kurarsu da jarkoki, matasa su jeru suna miƙa bokiti, wani ya ruga ya cire fis. Jarumtaka ce, sai dai tana da haɗari: ruwa a kan wayar da ke da wuta ajali ne, a kan fetur kuma yaɗa ta yake yi. Yashi ya fi.

Daga Disamba zuwa Maris 'yan kwana-kwana ba sa barci da ido biyu. Iskar hunturu ta busar da komai, ana kwana da kaskon wuta a ɗaki, an bar hita a bokiti aka ɗauke wuta, ta dawo tsakar dare. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairu 2021, ta Katsina a Maris na shekarar.

Abin da suke roƙo bai taka kara ya karya ba. A kira 112 tun hayaƙi bai zama harshe ba, a yi kwatance da masallaci ko gidan mai tunda gidaje da yawa ba lamba, a tsayar da yaro a bakin titi ya nuna lungu, masu kallo kuma su ba da hanya.