Masara Ba Ta Jiran Makanike

Duk wanda ya tashi a Maraɗi ko Katsina ko Damagaram, idan aka ce masa kaka, abin da ke zuwa masa a rai shi ne sama ta washe, iska ta fara bushewa, ana ɗaure dammunan gero ba fargabar hadari. A can rana ce ke ƙarasa wa manomi aikinsa. Mu a Ejura, cikin yankin Ashanti na ƙasar Gana, lamarin ya sha bamban. Sai na fara bayyana wannan bambanci, sannan mai karatu zai gane yadda ɗan ƙarfen da bai cika tafin hannu ba yake hana unguwa guda barci.

Damina biyu gare mu a shekara. Ta farko, wato babbar, ana shuka ta tsakanin Maris da Afrilu, masara ta nuna daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta. Ta biyu ana shuka ta daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, a girbe a Disamba ko Janairu, lokacin da hunturu ya sauko. Girbin ta biyu da sauƙi, domin iskar hunturu na busar da masara tun tana kan karanta. Wuyar tana ga ta farko. Tsakanin daminun biyu ruwa kan ɗan tsagaita na 'yan makonni, amma sama ba ta washewa sosai, kullum gajimare, wani lokaci da yayyafi. A cikin waɗannan 'yan makonni ne ake so manomi ya karya masara, ya kwaso ta, ya casa, ya shanya, kuma ya sake kafce wannan gonar don shuka ta biyu. Kwasowa da casa da kaftu duk a wuyan tarakta ɗaya suke.

Gonarmu eka 8 ce. Abin da ya bambanta mu da sauran ƙananan manoma shi ne Baba yana da tarakta. Ya yi shekaru yana tuƙa ta wasu kafin ya tara ya sayi tasa, wadda ta riga ta bi hannu biyu ko uku. Ƙirar Ingila ce ta shekarun 1970, ke nan ta girme ni nesa ba kusa ba. Kik ɗinta ya daɗe da mutuwa, don haka kullum a kan gangara ake kwantar da ita, da safe samari su tura. Lagiretonta na yoyo, shi ya sa jarkar ruwa ba ta rabuwa da gefen direba. Amma idan ta tashi, ƙararta kaɗai ta isa ta sanar da mutanen unguwa cewa yau akwai aiki.

A bayanta ake ɗaura injin casa, wanda masu walda na gida suka ƙera. Wani dogon ƙarfe ne mai haƙora ke juyawa a cikin ganga mai huji-huji, ƙarfin juyawar kuwa daga injin taraktar yake zuwa. Ana zuba masara ta sama, haƙoran su bubbuge ta, tsaba ta zubo ta hujin, fanka ta hure ƙaiƙayi, totuwa ta fita ta ƙarshe. Dogon ƙarfen nan a kan boris biyu yake zaune, ɗaya a kowane gefe. A wajenmu ba kasafai ake biyan ladan casa da kuɗi ba: a kowane buhu goma, mai inji ya ɗauki ɗaya. Gidaje sama da ashirin ne suka saba jiran injin Baba kowace kaka.

Ni a Kumasi nake aikin rediyo, ina gabatar da shirin safe da Hausa, da kuma shirin manoma sau ɗaya a mako. Amma da zarar Agusta ta kama, ina da aiki na biyu da ba a biyana: ni ne ɗan aiken gida zuwa Suame Magazine, wannan babbar unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyara, inda ake cewa idan aka rasa ƙarfe a can to a haƙura.

Kakar 2022 ba za ta fita raina ba. Shekara ce da kuɗin sidi ya yi ta faɗuwa, taki ya yi tsadar da ba a saba gani ba, kafin shekarar ta ƙare litar man dizal ta haura sidi 20, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 50 cikin 100. Rabin takinmu bashi Baba ya ci. Masara kuwa ta yi kyau, goyo manya-manya. An karya tamu an tara ta tsibi guda a bakin gona, an rufe da tamfol. Ana cikin yi wa wani maƙwabci casa sai boris ɗin gefen fanka ya ci wuta ya kama, ya kuma ƙwarzane ƙarfen da yake riƙe da shi.

Makanikenmu, wanda a nan muke ce wa fita, ya kwance ya duba ya ce sai an kai ƙarfen Kumasi an yi masa ciko an sake sassaƙe shi. Lambar da ke jikin boris ɗin ta goge saboda tsufa, don haka ba a iya faɗa mini ta waya. Sai da aka naɗe mataccen a tsumma aka ba direban motar haya ya kawo mini ta hanyar Mampong. Na sauka daga shirin safe na wuce Suame, ina shiga rumfa ina fita, ana gwada shi da ma'auni. Boris bai yi wuyar samu ba. Layin wurin mai sassaƙar ƙarfe ne ya cinye kwana biyu, domin duk masu tsofaffin injuna a lokaci ɗaya tasu ke lalacewa, ga kuma ɗaukewar wuta. Kafin a mayar da kaya Ejura a ɗaura, kwana biyar sun wuce. A cikin kwanakin nan an yi ruwa sau uku.

Wanda bai taɓa tura hannu cikin tsibin ɗanyar masara ba, ba zai san abin da kwana biyar ke nufi ba. Masarar da aka karya a Agusta cike take da ruwa, sau da yawa laimarta ta haura kashi 20 cikin 100, alhali ba ta ajiyuwa sai ta sauko wajen kashi 13. Idan aka tara ta aka rufe, sai ta yi gumi, cikin tsibin ya ɗauki zafi kamar an hura wuta a ƙasa. Idan aka buɗe, ruwa ya doke ta. Ta ƙasa gara na ci, ta tsakiya ta fara tsiro, wadda tsutsa ta huda tun a gona kuwa ita ce ke fara yin fumfuna. Wannan fumfunar mai launin kore-kore ita ce abin tsoro, domin tana haifar da gubar da masana ke kira afulatoksin. Ba a ganin gubar da ido, dafuwa ba ta kashe ta, kuma hanta take lalatawa. Mu kuwa masara ce kokonmu na safe, ita ce tuwon zafinmu, ita ce banku da dokunun maƙwabtanmu.

Mata ba su zauna ba. Inna da ƙannena suka koma yadda aka yi a da, a zuba masara a buhu a yi ta duka da sanda, sauran a murje da babban yatsa har fata ta saluɓe. Amma abin da inji ke yi a awa guda, gida guda ba ya gama shi a yini biyu.

Ranar da inji ya tashi, sai wata matsalar ta fito, wadda ta fi ta ƙarfe nauyi: wa za a fara yi wa? Akwai wani Alhaji mai eka 40 da ya riga ya ba da kuɗin mai tun kafin lalacewar. Akwai tamu masarar, wadda bashin taki ke kanta. Akwai kuma Goggo, wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, mai eka 2 kacal, ba ta ma da tamfol, ganyen ayaba da tsofaffin buhuna ta lulluɓa wa nata tsibin.

Lissafin masu tarakta a bayyane yake, kuma ba mugunta ba ce. Tafiya daga gona zuwa gona mai take ci. Inda ake da buhu ɗari, ka kafa inji sau ɗaya ka tashi da buhu goma. Inda ake da buhu goma sha biyu, ka ƙona mai ka je ka dawo da buhu ɗaya. Shi ya sa a kowace kaka mai ƙaramar gona ne ƙarshen layi, kuma shi ne wanda ba ya da abin rufe masararsa yayin da yake jira.

Na kira Baba a waya da daren. Na ce, “Baba, da kun fara da tamu ko da rabin yini ne. Mai taki ba zai ji uzuri ba.”

Ya ce, “Na ji ka. Tamu tana ƙarƙashin tamfol. Ta Goggonku tana ƙarƙashin me?”

Na ce, “To Alhaji fa? Kun karɓi kuɗinsa.”

Ya ce, “Shi zan je in same shi da kaina bayan sallar asuba. Kai dai ka turo kuɗin batir, za mu yi aikin dare.”

Abin da ya yi shi ne, ya sa aka kwaso masarar Goggo da ta wasu ƙananan manoma uku da keken kaya mai ƙafa uku da muke kira aboboya, aka tara a fili ɗaya, kowa da tsibinsa. Aka kafa inji sau ɗaya, kafin azahar an gama da su duka. Daga nan aka wuce gonar Alhaji, wanda ya yi ɗan gunaguni amma ya yarda, aka kwana biyu ana yi har da fitila. Tamu ce ta zo ƙarshe.

Wannan hukunci ya ci mana kuɗi, ba zan ɓoye ba. Da aka yaye tamfol ɗinmu, ƙasan tsibin ya riga ya yi kore. Aka zauna aka tsince, abin da aka ware ya kai buhu huɗu. Wani mai kiwon kaji ya zo ya taya da araha, Baba ya hana, ya ce abin da kaza ta ci cikin mutum zai koma. Ya sa aka haƙa rami aka binne. Mutumin nan ya ga yunwar 1983, shekarar fari da gobarar daji, shekarar da aka koro 'yan Gana kusan miliyan guda daga Nijeriya suka dawo suka tarar ba abinci. Tun muna yara idan tsaba ɗaya ta faɗi sai ya sa an tsince ta. Ƙanena ya ce da ake zuba masarar a rami, Baba juya baya ya yi, bai kalla ba.

Sauran ma ba ta tsira gaba ɗaya ba. Ɗanyar masara idan ta shiga inji mai tsofaffin haƙora farfashewa take yi. Matan kasuwa da ke zuwa saye daga Kumasi da Akra kuwa ba a yi musu wayo: ta ɗebi tsaba ta ciza, idan ba ta ji ƙaras ba ta rage kuɗi, ta ga fasassu ta ƙara ragewa. Kaftun gonarmu ya makara, shuka ta biyu ta shiga a ƙurarren lokaci. Bashin taki sai a Janairu aka ƙarasa shi.

Tun daga lokacin na sauya irin tambayoyin da nake yi a shirin manoma. Galibi a Juma'ar farko ta watan Disamba ake bikin Ranar Manoma a Gana, ana raba kyaututtuka, ana nuna sabbin taraktoci masu sheƙi, mu ma muna watsawa. Amma idan na buɗe layin waya a watan Agusta, ba wanda ke kira ya ce yana son sabuwar tarakta. Wani ya ce bel ya tsinke, babu irinsa a garinsu. Wata ta ce ba ta da wurin shanya sai gefen kwalta, inda motoci ke watsa mata ƙura da tsakuwa. Wani ya ce fita ɗaya ne a yankinsu, kowa shi yake jira. Na kuma ga sabbin injuna da idona an jingine su a ƙarƙashin bishiya saboda an rasa wani ɗan ƙarfe nasu a kasuwa, alhali tsofaffin na ta aiki, domin kowane yaron makanike a Suame ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa.

Don haka nake yawan maimaita ƙananan abubuwa a shirin. A ɗaga masara daga ƙasa. A tsince mai fumfuna tun kafin casa. Wanda ba ya da na'urar auna laima ya samu busasshiyar kwalba, ya zuba tsaba da busasshen gishiri, ya rufe ya girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, masara ba ta bushe ba. Wanda ya samu hali ya sayi buhun nan mai leda biyu a ciki da ba ya shan iska, ƙwari ba sa rayuwa a cikinsa, amma sai masara ta bushe sarai ake zubawa. Ƙananan manoma kuma su riƙa haɗa tsibinsu wuri ɗaya, domin mai inji ya fi saurin zuwa inda aiki ya taru.

Mu 'ya'yansa mun taɓa ba Baba shawara ya sayar da taraktar ya huta, tunda gwiwa ta fara ba shi matsala. Ya ce idan ya sayar, wanda zai saya ba zai san gidan Goggo ba. Sai muka bar maganar, muka koma ga abin da za mu iya. Yanzu tun watan Yuni nake shiga Suame, kafin layi ya yi tsawo, in sayi boris biyu da bel biyu da matatar mai, a ajiye a wata tsohuwar akwatin ƙarfe a ɗakin Baba. Lambar kowane ƙarfe na rubuta ta a littafi, na kuma ɗauki hotonta a waya. Ni da yayata muna tara kuɗin siminti don a yi daɓen shanya a bayan gida, mai faɗin da zai ɗauki tamu da ta maƙwabta. An kai rabi.

Allah Ya ba manoma sararin rana a lokacin da suke bukatarta, Ya sa wa makanikai albarka a hannu, Ya kuma sa abin da aka noma ya shiga buhu lafiya. Amin.