Bikin 14 Ga Yuli A Paris: Wa Kyamara Ke Ɗauka?

Aikin sharhin fim ya ɗora mani wata ɗabi'a da na kasa rabuwa da ita. Ko faretin soja na ke kallo a talbijin, sai in riƙa tambayar kai na: wa ya rubuta labarin nan, wa aka ba matsayin jarumi, wa kuma aka yanke a wajen tacewa? Da wannan idon na ke kallon bikin da birnin Paris ke yi duk ranar 14 ga Yuli, lokacin da mu ke tsakiyar damina, su kuma Turawa su ke cikin zafi da hutu.

Asalin labarin, mai karatu, a 1789 ne. Ran 14 ga Yuli mutanen Paris su ka auka wa kurkukun Bastille su na neman albarushi. Kusan mutum ɗari daga cikin su su ka mutu, aka kashe shugaban gidan, da aka buɗe ɗakunan kuma fursuna bakwai kacal aka tarar. Da shekara ta zagayo, a 1790, aka yi gagarumin taron haɗin kan ƙasa a filin Champ de Mars, ruwan sama na dukan jama'a, Sarki Louis na 16 ya miƙe ya yi rantsuwar bin tsarin mulki. Ba a cika shekara uku ba aka fille masa kai.

Sai a 1880 majalisa ta mai da ranar hutun ƙasa, bisa ƙudirin Benjamin Raspail. Ga inda dabarar ta ke: dokar ba ta faɗi wace shekara ake tunawa ba. Mai son juyin juya hali ya ce 1789 ce, wanda ba ya son jin zancen jini ya ce 1790 ce. Wallahi ko marubucin fim da ke tsoron ɓata wa 'yan kallo rai iyakar wayon da zai yi kenan. A lokacin Faransa ba ta gama jinyar kashin da Jamusawa su ka ba ta a yaƙin 1870 ba, shi ya sa soja ya zama jarumin shirin. A filin sukuwa na Longchamp aka yi faretin, inda Shugaba Jules Grévy ya miƙa wa rundunoni sababbin tutoci. A 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka yi faretin nasara a titin Champs-Élysées, aka sa sojojin da yaƙi ya naƙasa a sahun gaba. Tun daga 1980 titin ya zama mazaunin faretin, sai ɗan abin da ba a rasa ba, kamar 2024 da wasannin Olamfik su ka sa aka koma titin Foch.

Ni dai ɓangaren talakawa ya fi burge ni, kuma a fim na fara ganin sa. Darakta René Clair ya yi wani fim a 1933 mai suna Quatorze Juillet, wato 14 ga Yuli. Labarin direban tasi ne da maƙwabciyar sa mai sayar da furanni. An ƙawata unguwa da fitilun takarda, makaɗa na kan dandamali, ana rawa a titi, sai ruwa ya ɓarke kowa ya nemi mafaka. Su ka saɓa, su ka rabu, ruwan sama kuma ya sake haɗa su. Duk mai kallon finafinan Indiya ko mai karanta littattafan soyayya na Kano zai ji kamar a gida ya ke. Har gobe 'yan kwana-kwana na birnin kan buɗe barikokin su a kwana ana rawa, da dare kuma a yi wasan wuta a hasumiyar Eiffel.

To amma akwai waɗanda su ka fito a shirin ba a rubuta sunan su a ƙarshe ba. Kaka ta ta wajen uwa mutuniyar Damagaram ce. Ta kan ba mu labarin ƙanen baban ta da aka ɗebe zuwa yaƙin Hitila, ya dawo da lambar yabo da tarin da bai bar shi ba har ya koma ga Allah. Ire-iren sa Faransa ta kira sojojin Sanagal, ko daga Nijar su ka fito ko daga Mali. Sun taka fareti a Longchamp a 1913, sun taka a na 1919. Yadda aka saka wa na bayan su kuwa, sai a nemi fim ɗin Ousmane Sembène na 1988, Camp de Thiaroye, kan sojojin da aka harbe kusa da Dakar a Disamba 1944 don sun nemi haƙƙin su.

Wani sin ɗin da aka yanke shi ne na 1953. A shekarun nan ƙungiyoyin ƙwadago kan yi nasu jerin gwanon ran 14 ga Yuli. 'Yan Aljeriya masu neman 'yancin kai na ƙarshen layi. A dandalin Nation 'yan sanda su ka buɗe wuta, mutum bakwai su ka mutu, shida 'yan Aljeriya, ɗaya Bafaranshe ɗan ƙwadago. Ba a hukunta kowa ba. A ranar 'yanci fa, a tsakiyar birnin! Shekaru sittin da ɗaya zancen ya yi a kwance kafin Daniel Kupferstein ya fito da fim ɗin tarihi a kai a 2014, sai a 2017 hukumar birnin ta kafa allon tunawa a wurin. A nan na ƙara yarda cewa kyamarar mutum ɗaya mai naci ta kan tono abin da gwamnati ta binne.

Faransawa sun iya sabunta shirin su, ba a raba su da wannan. A 1989, cikar shekara 200, su ka ba Jean-Paul Goude aikin tsara bikin, baƙar mawaƙiya 'yar Amurka Jessye Norman ta rera taken ƙasa sanye da launukan tuta. A 1994 sojojin Jamus su ka bi titin da kakannin su su ka taka da ƙarfin bindiga a 1940. A 2010 sojojin ƙasashen Afrika 13, har da Nijar, su ka buɗe faretin don cikar su shekara 50 da samun 'yanci. Shekara 13 bayan nan, a Disamba 2023, sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar. Ashe tafiya tare a fareti ba ta hana rabuwar hanya.

Ban ce kada a kalli bikin ba. Ya na da kyau, kuma mutumin da ya yi shekara ya na aiki ya cancanci daren rawa. Roƙo na ga marubutan mu da daraktocin mu ne. Jikokin sojojin nan su na Damagaram da Maraɗi da Tawa, lambobin yabon na nan cikin akwatuna, tsofaffin da su ka san labarin kuma kullum raguwa su ke yi. Wanda ya ke neman labarin da ba a taɓa yi ba, ya ɗauki biro da kyamara ya je ya gaishe su tun su na da rai.