Mutumin da ya zauna ƙirga haruffa

Mu huɗu muka gama difloma tare, kuma har yau takardunmu na neman aiki suna hannun masu gadi a Sharaɗa da Bompai. Wasu kamfanonin ma mai gadin kaɗai ya rage, injinan saƙa sun yi shiru tun muna yara. Da yamma sai mu zauna a bencin mai shayi mu baje Scrabble, mutanen unguwa suna ce mana 'yan zaman kashe wando.

Shi ma wanda ya ƙirƙiro wasan zaman ne ya ishe shi. Sunansa Alfred Butts, mai zanen gine-gine a birnin New York na Amurka, wanda ya rasa aiki a 1931 lokacin da tattalin arziki ya karye. Sai ya ɗauki jarida yana ƙirga sau nawa kowane harafi ya fito. Wannan ƙidayar ce ta ba E ƙwaya 12 mai maki ɗaya, ta bar Q da Z ɗai-ɗai da maki goma. Manyan kamfanonin wasa suka ƙi karɓa, ya riƙa haɗawa da hannunsa yana sayarwa kaɗan-kaɗan. Sai a 1948 James Brunot ya karɓi wasan, ya raɗa masa suna Scrabble, yana ba Butts ɗan kaso a kowane akwati. Shekara 17 ke nan. Mu da shekara biyu har mun fara ƙorafi. Ya rasu a 1993, bai ga ɗan Najeriya Wellington Jighere ya zama zakaran duniya a 2015 ba.

Ranar da muka gwada wasan da Hausa muka gane ƙidayar Butts ta Turanci ce zalla. A tara ce kacal, kafin zagaye uku ta ƙare. Q da V da X suka zame mana kaya. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, har aka kusa dambe a kan ko kafa aka rubuta ko ƙafa.

Yanzu mun raba shafukan Magana Jari Ce muna ƙirgawa. Ɗayanmu da ke aikin wucin gadi a Challawa yana kawo mana ragowar kwali muna yankawa da reza. Abin da ya tsayar da mu sati biyu ke nan: sh da ts, ƙwaya ɗaya za su zama ko biyu? Biyu cikinmu sun ce ɗaya, biyu sun ƙi. Malaman Hausa na wannan zaure, ku raba mana gardama.