Zanen Ɗan Daudu

A Amurka akwai kamfanonin da ke ɗinka tufafi musamman domin masu sauya jinsi. Mu a ƙasar Gobir, daga Sabon Birni zuwa Isa, ɗan daudu muka sani, kuma babu telan da ya keɓe masa ɗinki. Atamfa yake saya, ya ɗaura zane bisa wando, ya zizara kwalli, ya zauna gaban tukunya a bakin tasha yana tuƙa tuwo. In zai je gida sai ya ninke zanen ya sa a leda, ya zura taguwa da hula.

Wannan ninkewar ce ke tsaya mini a rai. Tun ƙaddamar da Shari'a a Sakkwato a 2000, da dokar haramta auren jinsi ta 2014, ɓoyon ya ƙaru. Amma da kuɗin tuwon nan ake yi wa ƙanne kayan ɗaki, ake saya wa tsohuwa magani. Dangi na karɓa hannu biyu, ranar suna kuma a tsallake shi wajen rabon goro. Sau da yawa uwa ce kaɗai ke aika masa a ɓoye.

'Yan'uwa, tunda kuna cin guminsa, ku amsa sallamarsa a gaban mutane.